Rage ma'aikata: takardar da aka miƙa wa yayana da lissafin da ke bayanta

Daren wata Laraba ne yayana ya same ni a fadarmu ta Talaje, ko gaisawa da mutane bai tsaya yi da kyau ba, shayin farko ma da aka miƙa mishi ya ɗaga hannu ya ce a'a, ya ja ni bayan butikin kusa ya zaro wata takarda daga aljihu, an ninke ta huɗu har ta fara jiƙewa da zufa. Takardar ajiye aiki ce, an riga an buga ta da sunanshi da kwanan wata da komai, wurin sa hannu kawai aka bari. Shekara 8 yana riƙe da magaza a wani kamfanin tiransit, irin masu fiddo wa 'yan kasuwa kaya daga tashar ruwan Kwatano, to tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aiki ya tsaya cak. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 amma iyakar ba ta buɗe ba daga ɓangarenmu, kaya suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar soja, ƙananan kamfanoni irin nasu ba su iya wannan tseren ba.

Mai gidan nasu, wani Alhaji ne, ya kira shi biro ya ce, "Malam, kai ma kana gani kasuwa ta mutu. Ga jika 500, ka sa hannu mu rabu lafiya, in Allah ya buɗe hanya kai ne na farko da zan kira."

Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka sa hannu, ba ni kwana biyu."

Ya ce, "Kai yaro, mutumin nan shi ya saya mini ragon sunan Auta, da wane ido zan dube shi in ce ina bin shi kuɗi?"

Wannan maganar tashi ita ce ta sa nake rubutun nan, don ba shi kaɗai ba ne. Cikin 'yan shekarun nan Yamai ta ga sallama iri-iri. Sojan Faransa sun gama fita a Disamban 2023, ofishin jakadancinsu ya rufe, na Amurka suka bi baya a 2024 daga nan Yamai da Agadas, aiki ya ƙare wa masu dafa musu abinci da masu wanki da direbobi da tafintoci da ke ci a jikinsu. A farkon 2025 Amurka ta tsayar da kuɗin USAID, furoje da yawa suka naɗe tabarma, kuma a watan Fabrairun shekarar aka ce wa CICR, wato ƙungiyar agaji ta Kurwa Ruj ta ƙasa da ƙasa, ta tattara nata ya nata. Duk inda ka zauna a fada sai ka ji wane an sallame shi, wance kontirarta ta ƙare ba a sabunta ba. Abin da na lura kuwa shi ne mutanenmu suna karɓar sallama kamar yadda ake karɓar rasuwa, a ce haka Allah ya so, a karɓi abin da aka bayar da hannu biyu har da godiya. Tawakkali gaskiya ne, ban musa ba. Amma kuɗin sallama bashi ne da ke wuyan mai kamfani, yana da lissafi a rubuce, kuma wanda bai san lissafin ba shi ne kullum ake yi wa ragi.

Dokar da ke tafiyar da zancen ita ce dokar aiki mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012, sai kuma yarjejeniyar nan ta ma'aikata da masu kamfanoni da aka fara sa wa hannu tun 15 ga Disamban 1972, zamanin Diori Hamani, aka sabunta ta a 2022, wadda da ita ake lissafin kuɗin sallama. Ma'aikatan gwamnati nasu tsarin daban ne, ba da su nake ba. A wurin doka akwai bambanci babba tsakanin a kore ka don laifin da ka yi da kuma a sallame ka don kamfani ya shiga matsi, ko ya kawo na'urar da ta maye gurbinka, ko ya sake tsarin aikinshi. Na biyun nan ba laifinka a ciki, shi ya sa doka ta ɗaure mai kamfani da wasu matakai kafin ya miƙa wa kowa takarda. Sai ya tara wakilan ma'aikata, dalage kenan, ya sanar da sufeton aiki wanda shi ma zai zauna a taron, kuma aƙalla kwana 15 kafin ranar taron ya aika musu da bayani a rubuce, dalilin ragin, mutum nawa, su wane, da wane ma'auni aka zaɓe su. A taron ne ake duba ko akwai wata mafita, a rage awoyi, a yi aiki karɓa-karɓa, a mai da wani zuwa wani sashe. Sufeto ba ya iya tilasta wa kamfani riƙe mutum, wannan kam kada kowa ya ruɗi kanshi, amma in aka tsallake matakan nan an ba ma'aikaci abin kamawa a gaban alƙali.

A kamfanin su yayana mutum 14 ne, ko dalage guda babu, ba a taɓa yin zaɓen ba, alhali wurin da ya haura mutum 10 ya kamata a ce yana da shi. Kuma ba mamaki, don dalage ba a sallamarshi sai da izinin sufeton aiki, masu kamfani da yawa ba su son irin wannan ƙaya a cikin gida.

Wurin zaɓen wanda zai tafi akwai wani abu da ya ba ni mamaki ranar da na fara jin shi. Farko ana duba ƙwarewa, wanda ya fi rauni a aikin da za a ci gaba da yi shi ne kan gaba, in ƙwarewa ta zo ɗaya sai a duba daɗewa, sabon zuwa ya riga tsoho fita. To a lissafin daɗewar nan ana ƙara wa mai aure shekara guda, kuma a ƙara shekara guda a kan kowane ɗa da yake ɗauke da nauyinshi. Yayana mai mata da 'ya'ya 5, shekarunshi 8 sun zama 14 kenan a wannan ma'aunin. Sai dai 'ya'yan da takarda ta sani ake ƙirgawa, wanda ba ka yi wa takardar haihuwa ba ko ba ka kai sunanshi CNSS, asusun fansho da kuɗin iyali na ma'aikata, ba ka ja wa kanka, kuma mu nan sai rantire ta zo an ce a kawo takarda sannan ake tashi guje-guje zuwa mairi. Ramin da ke cikin tsarin kuma a bayyane yake, wa ke auna ƙwarewa? Mai kamfani. In yana son riƙe ɗan ƙanwarshi da ya zo bara sai ya ce ai yaron ya fi iya kwamfuta, shi kenan, kai kuma sai ka nemo hujjar da za ta ƙaryata shi.

Yanzu ga lissafin, don nan ne maganar take. Na zauna da bik da bayan wata tsohuwar faktir ta NIGELEC, yayana na gefe yana kallo kamar ina duba mishi ƙasa. Albashinshi jika 200 ne a wata, wato sefa 200,000, kuma ana ɗaukar matsakaicin abin da mutum ya samu ne a wata 12 na ƙarshe har da alawus ɗin da ke zaman albashi, ba ɗan guntun da ke saman takarda kaɗai ba. Wanda ya cika shekara guda a wuri yana da kuɗin sallama, kowace shekara cikin biyar na farko kashi 20 cikin 100 na albashin wata, daga ta 6 zuwa ta 10 kashi 30, abin da ya haura 10 kashi 35. Wannan ƙasan magana ne, wasu manyan kamfanoni suna da yarjejeniyarsu ta cikin gida da ta fi haka. Shekara biyar ɗinshi na farko sun ba da jika 200, ukun da suka biyo baya kowace jika 60, jika 180 kenan, an samu 380. Sai wani kuɗi na musamman da doka ta ware wa wanda aka sallama saboda matsin kamfani, albashin wata guda cur kuma ba a cire mishi haraji, jika 200, mun kai 580. Sai wa'adin sanarwa, wanda ake biya wata-wata wata guda ne nashi, manyan kadir wata uku, masu aikin yini ko na awa kwana 8, in mai kamfani ya ce tafi yau ba ya son ganinka to sai ya biya kuɗin wa'adin, wata jika 200, 780. Sai konje, kwana biyu da rabi ne mutum ke tarawa a kowane watan aiki, shi kuma wata shida rabonshi da hutu, kwana 15 kenan, wajen jika 100. Jimla jika 880, ban da albashin kwanakin da ya riga ya yi a watan.

Ya dubi takardar ya dubi ni ya ce, "Sake lissafawa." Na sake. Jika 380 ne tsakanin ambulan ɗin Alhaji da abin da ke nashi, kusan albashin wata biyu.

Kuma asarar ba ta tsaya a kuɗi ba. Ranar da ka sa hannu a takardar ajiye aiki, a idon doka kai ne ka tafi da ƙafarka, ba kuɗin sallama ba na musamman, wa'adin sanarwa ma kai ne ya kamata ka ba kamfani. Alkawarin "kai ne na farko da zan kira" kuwa, abin dariya, doka ta riga ta ba wanda aka sallama don ragi wannan haƙƙin har shekara biyu, in kamfani ya tashi ɗaukar mutum a irin aikinshi shi za a fara nema, sai dai ya bar musu adireshi da lambar da za a same shi. Wato Alhaji yana so ya karɓe wa yayana abin da ke rubuce ya musanya mishi da na baka. Ban ce mugu ba ne, wallahi mutumin yana cikin matsi na gaske, na ga motocinshi biyu a ajiye tayoyi sun sace, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa mishi kamawa zai yi, kuma a nan wuyan yayana ne ya fi kusa da hannunshi.

Mutane suna rikita takardu uku, bari in raba su. Rasit ɗin da ake ba ka ka sa hannu cewa ka karɓi kuɗinka na ƙarshe, ko da an rubuta a kai cewa ba sauran komai tsakaninku, ba ya kashe haƙƙinka, kana iya komawa ka nemi ciko. Takardar ajiye aiki ita ce mai yanka. Ta ukun ita ce takardar sulhu da ake yi a gaban sufeton aiki, ita kam in ka sa hannu magana ta ƙare a kan abin da aka sasanta, don haka ba a shiga ɗakin nan sai da lissafi a aljihu. In sulhu ya gagara sai kotun ma'aikata, shigar da ƙara kyauta ne, amma kyautar ba ta hana a yi ta ɗaga zama, wata ya bi wata kana biyan kuɗin taksi, ga mai haya a ƙofa. Masu kamfani sun san da haka, da yunwarka suke ciniki. Kuma kada a ce sai an huce, neman bashin albashi yana da iyaka, shekara biyu.

Akwai wata dabara kuma da aka yi ta yi lokacin takunkumi, a ce kowa ya je gida ya jira sai abubuwa sun daidaita, ba a kore ka ba, ba a kuma biyanka yadda aka saba. Doka ta yarda da wannan hutun dole amma ba a tilasta wa mutum shi fiye da wata uku cikin wata 12. Wasu an bar su a rataye har sun gaji sun kama wata sana'a, daga baya aka ce ai su ne suka gudu. In kuma sayar da kamfanin aka yi, kamar yadda Orange ta sayar da reshenta na nan a 2019 ya koma Zamani, kontirar ma'aikaci tana bin sabon mai shi da duk shekarunta, ba a komawa sifiri.

'Yan furoje da ONG nasu ya fi ciwo ta wani gefen. Albashi mai kauri, mota mai sanyi, asirans na likita har da iyali, amma yawancinsu kontira mai wa'adi ce da aka ɗaura a wutsiyar kuɗin mai ba da tallafi, ranar da wa'adi ya cika ba a kiranshi sallama, ƙarewa ce kawai, duk dogon lissafin da na yi a sama ba lalle ya hau kansu ba. Mutum ya shekara goma yana tsalle daga wannan furoje zuwa wancan, ya sa yara lakwal mai tsada, ya kama gida a Kwara Kano, rana ɗaya a aiko saƙo daga Washinton ko Janeba.

Amma waɗanda ba a ko ƙirga su su ne na ƙasa. Da COMINAK ta rufe mahaƙar Akuta ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta yi tun 1978 tana fidda uraniyom, ma'aikatanta wajen 600 an yi musu tsarin sallama da sandika ta zauna ta yi ciniki a kai, su kuwa ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila, waɗanda rami ɗaya suke shiga ƙura ɗaya suke shaƙa, abin da suka samu bai kama ƙafar na waɗancan ba, don a takarda ba COMINAK ce ta ɗauke su ba. Haka abin yake a nan Yamai, in biro ya rufe, gardi da mai shara na wani kamfani ne daban da ke biyansu abin da bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, jika 42 tun Janairun 2024, kafin nan ma 30,047 ne. Mai tuwon ƙofar biro kuwa da yaron da ke wanke motoci ko sunansu ba ya cikin kowane lissafi. Wanda ke aiki ba kontira a rubuce ma doka ta san da shi, alkawarin baka alkawari ne, matsalar ita ce hujja, shi ya sa duk wata takardar albashi, baj, saƙon WhatsApp da shugaba ya ce ka zo aiki ranar Lahadi, rasit ɗin Nita ko Amana da aka turo maka kuɗin wata da shi, a adana su a gida, kada a bar su a durowar biro, don ranar da abin ya faru wani lokaci ko ƙofa ba a bari ka shiga.

Bayan an fita fa? Nan ne ya kamata mutum ya san ƙasar da yake. A Faransa wanda ya rasa aiki ana ba shi wani abu duk wata kafin ya samu wani, mu nan babu wannan. CNSS kuɗin iyali take biya da haɗarin aiki da fansho, ba ta da reshen zaman kashe wando. ANPE, hukumar samar da aikin yi, za ta rubuta sunanka ta ba ka katin mai neman aiki, ba ta ba da ko dala. Abin da ka fito da shi a hannu shi ne guzurinka gaba ɗaya. Kuma kafin ka taɓa shi akwai mai jira, in ka ci bashin banki a kan albashi, yawanci kamfani ya riga ya yi wa bankin alkawarin cewa ta asusunka kuɗin sallama za su bi, suna sauka banki ya zare nashi. Asirans na likita yana tsayawa, mai hawan jini ko sukari a gida sai ya fara saye da aljihu. Dangi kuma sun ji an ce an ba ka miliyan, ba su ji an ce ita ce ta ƙarshe ba, daga ƙauye waya za ta fara shigowa, wannan rufin ɗaki wancan auren ɗiya.

Abu biyu ne ba a barin wuri ba tare da su ba, takardar shaidar aiki wadda dole ne a ba ka, mai nuna ranar shiga da ranar fita da aikin da ka riƙe, sai kuma ka taka da kanka zuwa CNSS ka ce a duba maka watanninka. Kashi 5.25 cikin 100 ake yanka a albashinka duk wata don fansho, amma yankewa daban zubawa daban, akwai waɗanda sai sun kai shekara 60 sun je neman fansho sannan su tarar da shekaru a wofi, kamfanin kuma ya daɗe da mutuwa. In kamfani ya karye ne gaba ɗaya, dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka ke bi, sun sa albashin ma'aikata a sahun gaba wajen biyan bashi, sai dai sahun gaba a gidan da ba komai ciki ai tsayuwa ce kawai, tsofaffin ma'aikatan Air Afrique da ta rushe a 2002 sun san wannan zancen.

Yayana dai da ƙyar ya yarda muka je ofishin sufeton aiki, hula ya ja har gira kamar mai zuwa wurin da bai dace ba. Aka aika wa Alhaji takardar kira, bai zo da kanshi ba, kontabul ɗinshi ya turo, wani saurayi da jakar kwamfuta, ya zauna yana ta danna waya. Sufeton, wata mata ce mai gilashi, ta karɓi takardun albashin yayana da muka ɗauro da roba, ta ja kalkuleta, ba ta ce uffan ba har ta gama, lissafinta ya fi nawa da 'yan jikkuna don na manta da kuɗin daɗewa da ke cikin albashinshi. Saurayin ya fita waje ya yi waya ya fi minti ashirin, ya dawo ya ce Alhaji ya ce jika 800, kashi uku, ƙarshen kowane wata. Na taɓa ƙafar yayana a ƙarƙashin tebur don ya ƙi, ya janye ƙafarshi ya ce ya yarda.

Kashi na farko banki ya cinye fiye da rabi. Da na biyu ya kama ɗan teburi a Katako yana sayar da kayan famfo. Na ukun wata huɗu kenan bai fito ba, duk ƙarshen wata yana shiga faba-faba ya je biron, Alhaji ya tashi ya tarbe shi, ya sa a kawo mishi ruwan sanyi, ya tambayi Auta da jikin tsohuwa, su yi hirar iyaka ko za a buɗe ko ba za a buɗe ba. Takardar sulhun tana nan a jakata, na ce mishi ya ba ni izini in kai ta kotu a buga mata hatimi a karɓo mishi kuɗinshi, ya ce in bari tukuna sai bayan salla.